Ranar da Lauya Ya Kai Jama'arsa Gaban Kwamiti

Mijin yayata bai taɓa karatun shari'a ba, kotu ma sau ɗaya ya taɓa leƙa ta, shi ma saƙo ya kai, amma duk layinmu Lauya ake ce masa. A gidan waya ya yi aiki har ya yi ritaya. Bakinsa ne ya jawo masa sunan: ko a kan ingancin sabulu aka yi gardama, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Sashe na kaza, ƙaramin sashe na kaza," ya kawo abin da ba mai iya ƙaryatawa, don ba wanda ya san inda ya samo shi. Ni ƙanwar matarsa ce, shagon ɗinkina yana ƙasan benen da suke haya, saboda haka abin da zan faɗa da idona na gani, wani ma a fatar jikina na ji shi.

Da ya bar aiki, mutumin nan sai ya zama abin tausayi. Yini yake a kujera yana kallon bango, ko gardamar ma ya daina. Yayata har ta fara ramewa don damuwa. Ana nan wani tsohon abokin aikinsa ya ba shi amyar ƙudan zuma guda, irin ta katako mai kama da akwati. Ya hau da ita saman bene ya ajiye kusa da tankin ruwa, kuma tun daga ranar Lauya ya dawo hayyacinsa. Da sassafe yana can sama yana gaishe su, yana ba su labarin duniya. Ba ya ce musu ƙudan zuma, "jama'ata" yake cewa. Gaskiya ina tsokanarsa, amma na ji daɗin dawowar surutunsa.

Maƙwabta ne ba su ji daɗi ba. Saje, tsohon sojan da ke hawa na biyu, ya daina shan shayi taga a buɗe. Mai wanki ya ce kullum sai ya sake ɗauraye fararen kaya. Ni kaina wata mata ta zo gwajin riga, ta fita titi a guje hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje. Mai kemis ɗin da ke kusa da shagona ne kaɗai ke cewa a bar bawan Allah da abin da yake so, kuma kowa ya san dalilinsa: duk wanda aka harba wajensa yake sayen magani.

Ba a san wanda ya kai ƙara ba, ko da yake Saje ya yi kwana biyu yana fito. Wata safiya dai sai ga jami'a daga hukumar tarayya mai kula da kiwo, matashiya mai tabarau da sanyin murya. Ta hau sama ta duba, ta sauko ta ce ƙa'idar hukuma ta hana ajiye amya a tsakiyar gidajen mutane. Ta ce suna da gona a bayan gari inda za a ajiye masa ita, ya riƙa zuwa duk lokacin da ya so, amma kafin ƙarshen wata sai an ɗauke.

"Yarinya," in ji Lauya, "wa ya zaɓe ki?"

"Ba wanda ya zaɓe ni, Baba. Ɗaukata aiki aka yi."

"To wa ya zaɓi wanda ya rubuta ƙa'idar?"

"Shi ma ɗaukarsa aka yi."

Lauya ya juyo ya dube mu kamar ya kama ɓarawo da kaya a hannu. "Kun ji da kunnenku! Ni da na yi shekaru ina bin layi ina jefa ƙuri'a, wanda ba a zaɓa ba ne zai raba ni da jama'ata!"

Ta miƙa masa kwafin ƙa'idojin, ta yi sallama ta tafi. Ya karɓa da yatsu biyu kamar tsumman bayi, amma daga baya sai da ya haddace shi tas, wai yana neman inda suka yi kuskure.

A makon ne rediyo ya cika da zancen gyaran kundin tsarin mulki. Majalisar tarayya na so a gyara shi ta yadda duk ƙa'idar da wata hukuma ta fitar ba za ta yi aiki ba sai 'yan majalisa sun amince, wadda ba su so kuma su soke ta. Aka ce kwamiti na zagaya garuruwa yana jin ra'ayin jama'a, kuma zai zauna a zauren taron garinmu, wanda ke bayan layinmu; daga saman bene ana hango rufinsa. Lauya ya sauko matakala bibbiyu, rediyo a kunne, ya faɗo shagona.

"Ƙanwata, Allah ya kawo mana mafita! Zan je gaban kwamitin nan da jama'ata. Zan zuba su a tafin hannuna, 'yan majalisa su gani da idonsu cewa ba sa cutar da kowa. Su gyara kundi, su karɓi iko, ƙa'idar farko da za su soke ita ce tawa."

"Yaya Lauya, na ji an ce sai kashi biyu cikin uku sun yarda, sannan a kai wa jihohi. Kai kuma ƙarshen wata aka ba ka."

"Ke da allura kika sani. In suka ga abin da zan nuna musu, a tsaye za su gama karatu na uku su zartar da gyaran."

"In kuma suka harbi wani fa?"

"Jama'ata? Sai wanda ya shigo musu da mugun nufi. Suna gane zuciyar mutum."

"To matar da ta zo gwajin riga wane mugun nufi gare ta?"

"Ke kika san abin da ke ranta?"

Washegari ya ce a yi gwaji. Ya jera kujerun roba a saman bene, ya naɗa Saje shugaban kwamiti ya ba shi muciya a matsayin guduma, ya naɗa mai kemis da mai wanki mambobi, ni kuma 'yar jarida. Yayata ta ce ita 'yar kallo ce, daga bayan ƙofar matakala za ta yi kallonta. Saje ya zo ne kawai don a ce bai ji tsoro ba. Ya sa rigar sanyi da safar hannu a cikin wannan zafi.

Lauya ya gyara murya. "Mai girma shugaba, ranka ya daɗe, ga shaiduna." Ya ɗaga murfin amya ba hayaƙi ba komai, don ƙa'ida ta ce a sa hayaƙi, shi kuma ya rantse ba zai bi ko layi ɗaya nata ba. Ya zura hannu ya ɗebo.

Saje ya ga abin da ke tasowa, ya buga muciya a kan tankin ruwa ya ce, "An ɗage zama!"

Tankin nan ya yi ƙara kamar an harba bindiga. Abin da ya biyo baya ba sai na tsawaita ba. Mai wanki ya riga kowa kaiwa ƙofa, ya tarar yayata ta sa sakata. Mai kemis ya shige ƙarƙashin kujera, kujerar ta tashi da shi. Ni na samu rabona a goshi. Saje, da duk jikinsa a rufe yake, hanci kaɗai ya bari a waje, kuma nan suka same shi. Lauya yana tsaye a tsakiya yana cewa, "Ku natsu! Gaisuwa ce! Haka suke gaisuwa!" har wata ta gaishe shi a fatar ido.

Da muka sauko, Saje ya tsaya a matakala da hanci kamar tumatir. "Na yi yaƙi a daji, ba abin da ya taɓa hancin nan."

"Kai ka saɓa wa tsarin zama," in ji Lauya, ido ɗaya a kumbure ya rufe ruf. "Ana buga guduma kafin shaida ya gama magana?"

"Wallahi in ka kai su gaban hukuma, a kurkuku za ka kwana."

"Sashe na nawa?"

Yayata ta jawo shi ɗaki tana danna masa ƙanƙara. "Malam, don girman Allah ka bari a kai su gonar nan. Ni zan riƙa raka ka."

"Gona? Su da suka saba da muryata kowace safiya? Ki bar ni, na san abin da nake yi."

Na ɗauka ya haƙura. Ashe sabon shiri ya ƙulla. Da yamma ya shigo shagona da tsohuwar kwat ɗinsa ta aiki, ya rufe ƙofa, ya rage murya.

"Ki ɗinka mini babban aljihu daga ciki, wanda zai ci kwalbar roba. Zan gaya miki sirrin da ko masu tabarau ɗin hukuma ba su sani ba. Namijin ƙudan zuma ba ya harbi. Ba shi da ƙari ko kaɗan. Mata ne masu fitina, kamar dai a ko'ina."

"Ka maimaita a gaban Yaya."

"Zan tsinto mazan zalla in zuba a kwalba. In ɗora su a hannuna, in ɗora su a hannun shugaban kwamiti ma in ya so. Wa zai gane?"

"Wannan ai maguɗi ne, Yaya Lauya."

"Dabarar shari'a ce. Lauya ba ya kai shaidar da za ta ci amanarsa."

"To ta yaya kake gane mazan?"

"Sun fi girma. Ko ido rufe zan ware su."

"Ai kuwa rabi a rufe yake."

Na ɗinka aljihun, don na san in ban ɗinka ba da igiya zai ɗaure kwalbar a ƙugu. Ranar zaman kwamiti tun da safe yana sama da ɗan cokali da ido ɗaya, wannan karon a lulluɓe da labulen ɗakin yayata, yana tsince. Ya huda murfin kwalbar da ƙusa ya ƙi sa raga, saboda raga tana cikin ƙa'ida. Da ya sauko fuskarsa na ƙyalli.

"Na samu wani dogo, ƙato, a can tsakiya, duk sun kewaye shi. Da ganinsa shi ne babban namijinsu. Shi zan sa a gaba."

Muka ɗunguma zuwa zauren. Duk layin ya fito, har wanda bai san abin da ake kira kundin tsarin mulki ba. Saje ya zo da hancinsa, ya ce ba zai bari a ba shi labari ba. A hanya yayata ta waiwaya.

"Malam, wasu na bin mu."

Ƙudan zuma kamar guda biyar ne ke shawagi a kan kwat ɗinsa. Lauya bai ko juya ba. "Rakiya ce. Ke kin taɓa ganin babban mutum ya tafi gaban hukuma shi kaɗai?"

A bakin ƙofa mai gadi ya shafa jikinsa ya ji kwalba. "Baba, mene ne wannan yake gurnani?"

"Shaidu ne."

"Shaidu a aljihu?"

"Sashe na goma sha huɗu ya ba ɗan ƙasa ikon kawo shaidunsa yadda ya ga dama. Ko kana so a rubuta sunanka a cikin waɗanda suka hana gyaran kundi?"

Mai gadi ya matsa gefe.

Zauren ya cika maƙil. An buɗe tagogi duka saboda zafi, fankoki na juyawa a hankali. A kan dandamali 'yan majalisa sun jeru bayan dogon tebur, gaban kowa lemon kwalba, ƙamshin turarensu har bayan zaure. A tsakiya shugaban kwamiti ne, mai tumbi da fara'a, guduma a hannu. Gidan rediyo na watsa zaman kai tsaye. Can gefe na hango jami'ar nan mai tabarau tare da wakilan hukumomi, ta ɗora jaka a cinya.

Mutane suka yi ta magana. Wani mai motar haya ya ce ƙa'idoji sun yi masa yawa, wata malamar asibiti ta ce in aka jira majalisa kafin a hana sayar da gurɓataccen magani sai an gama mutuwa. Shugaba yana gyaɗa wa kowa kai iri ɗaya. Sai aka kira Lauya.

Ya tako a hankali, ya kama makirufo kamar a hannunsa aka ƙera shi.

"Mai girma shugaba, ranka ya daɗe. Ku muka zaɓa. Ku muka sha rana dominku. Amma yau wani da ba a san fuskarsa ba sai ya zauna a ofis mai sanyi ya rubuta cewa ƙudan zuma haɗari ne a cikin gari. Ya tambaye ku?"

"Bai tambaye mu ba," in ji shugaba, yana murmushi.

"Ya tambayi ƙudan zuman?"

Zaure ya fashe da dariya, aka yi tafi. Lauya ya ƙara kumbura.

"Ƙa'idar nan daga farkonta har ƙarshenta shirme ce. Ba layi ɗaya mai amfani. A gyara kundi, a ba ku iko, ku yayyaga ta. Ga hujja!"

Ya zaro kwalba, ya buɗe, ya juye a tafin hannunsa. Na layin gaba suka ja da baya da kujerunsu. Ƙudajen nan suka yi ta yawo a hannunsa, ko ɗaya bai harbe shi ba. Ya ɗaga hannun sama, ya juya hagu, ya juya dama. Tafi ya kaure. Wani ɗan majalisa har ya miƙe yana ɗaukar hoto. Na dubi yayata, na ga idonta ya kawo ruwa. Ita ma ta fara yarda zai yi nasara, ni ma wallahi na fara.

Dogon nan kuwa, babban namiji, ya bi hannun kwat ya haura kafaɗa, ya shige cikin gemun Lauya ya yi zamansa.

"Kun gani? Har gemu yake shiga don sabo."

Jami'ar ta miƙe tsaye, ta gyara tabarau, ta ƙura wa gemun ido. "Baba," ta ce, "a ina ka ɗauko waccan?"

"Yarinya, ba lokacinki ba ne."

Saje ne ya fara ji. Ya ɗaga kai ya dafe hanci. Wani irin gurnani ne ke tahowa daga wajen layinmu, kamar babbar mota na hawa tudu. Hasken tagogin gefen dama ya dusashe. Sannan suka shigo.

Ban san amya ɗaya na ɗaukar ƙudan zuma masu yawa haka ba. Suka cika saman zaure baƙi ƙirin, fankoki na watsa su ko'ina. Masu tafi suka koma masu salati. Ƙofa ɗaya mutum ɗari suka nufa, mai wanki a gaba kamar kullum, suka cushe ba mai fita. 'Yan majalisa suka nutse ƙarƙashin tebur a tare, karo na farko da na ga sun yi abu ba gardama. Mai watsa shirin rediyo yana ƙarƙashin kujera yana cewa, "Masu sauraro, a halin yanzu ana ci gaba da karɓar shaidu."

Su kuwa ƙudajen ba ruwansu da kowa. Lauya suka nufa. Suka sauka a gemunsa, suka hau kan juna, suka rufe haɓa, suka rufe wuya, suka gangaro ƙirji, har gemun ya kai masa ciki. Ya tsaya ƙiƙam, hannu a miƙe, ido ɗayan a zare. Duk da haka sai da ya motsa gefen baki ya ce wa makirufo, "Kun... gani? Ba... sa... harbi."

Shugaban kwamiti ya leƙo daga ƙarƙashin tebur, ya ga zaure ya hargitse, ya tuna shi ne shugaba. Ya lalubo guduma.

"Kada ka buga!" Saje ya yi ihu.

Ya buga. Wasu 'yan tsiraru suka ɓalle daga gemun suka je suka ba shi amsa, ɗaya a leɓe, ɗaya a kunne. Mai girma ya yi tsalle irin wanda ban zaci tumbin nan zai iya ba.

"A kashe su!" ya ce. "A kawo maganin feshi! A kashe su duka!"

Sai ga mai gadi ya kutso ta ƙofar baya da injin feshin sauro goye a bayansa, yana ta buga famfo. Ya tsaya gaban Lauya ya saita bakin ƙarfen a kan gemun.

A nan dariyata ta tsaya. Na ga idon Lauya, kuma ban taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskarsa ba. Ba don kansa ba ne.

"Tsaya!" Muryarsa ta fita ta lasifika duk da ƙudajen da ke leɓensa. "Haramun ne! Sashe na bakwai! An hana fesa wa ƙudan zuma magani in sun taru. Sai dai a kira jami'in hukuma ya kwashe su da rai!"

Shugaba ya tsaya, hannu a kunne, leɓe ya fara tashi. "Sashe na bakwai na me?"

"Na... ƙa'idar."

"Wace ƙa'ida? Wadda ka ce shirme ce daga farko har ƙarshe?"

"Ban da wannan sashen, ranka ya daɗe."

Shugaba ya juya wajen jami'ar. "Malama, da gaske akwai wannan?"

"Akwai, ranka ya daɗe. Daidai ya kawo shi, ko kalma bai sauya ba. Zan iya kwashe su, amma sai da hayaƙi da akwati mai raga. Suna cikin motarmu."

"To, malam mai shaidu, hayaƙi da raga fa? Su ma shirme ne?"

"A bar su. Sashe na uku da na huɗu. A bar su."

"A rubuta," in ji shugaba. Daga ƙarƙashin tebur wata murya ta ce an rubuta. Ya matso kaɗan, yana magana da rabin baki. "Saura wanda ya hana ajiye su a tsakiyar gidajen mutane. Ka ce mu karɓi iko mu yayyaga. Ni dai yadda kunnena ke yi yanzu, in na samu ikon nan, sai na kai su bayan iyakar ƙasa. Amma kai ne mai shaida. Mu bar ƙa'idar gaba ɗayanta, ko mu soke ta gaba ɗayanta wannan bawan Allah ya yi feshinsa?"

Gemun na ta gurnani. Mai gadi ya ƙara buga famfo sau ɗaya. Yayata ta damƙe hannuna har na ji zafi.

Lauya ya runtse ido ɗayan da ya rage masa.

"A bar ta," ya ce. "Duka. A kai su gonar."

Duk garin ya ji, don makirufo na bakinsa.

Jami'ar ta aika aka kawo kayanta. Ta sa hular raga, ta busa hayaƙi a hankali, ta zura yatsu cikin gemun tana laluba kamar mai neman ɗan kunne a cikin shinkafa. Can ta zaro dogon nan ta ɗaga.

"Baba, wannan ce sarauniyarsu. Duk amyar ita kaɗai ce uwa. Inda ta je nan za su je."

"Na sani," in ji Lauya da ƙyar. "Gwada ki nake yi."

Ta sa sarauniya a akwati, ta karkaɗe sauran a hankali, suka yi ta kwarara ciki da kansu. Gemu ya dawo girmansa na da. 'Yan majalisa suka fito suna karkaɗe riguna, kowa na cewa shi dama biro ya sunkuya ɗauka. Shugaba ya ɗage zama, wannan karon da baki kawai. Gyaran kundi kuwa har yanzu ina jin ana ta muhawara a kai a rediyo. Abin da na sani shi ne kwamitin bai sake yarda a shigo masa da shaida a aljihu ba.

Kafin la'asar motar hukuma ta tsaya a ƙofar benenmu. Lauya da kansa ya sauko da amyar a rungume, ya ƙi bari kowa ya kama masa. Ya ɗora ta a bayan mota kusa da akwatin, ya duba ragar, ya sake dubawa. Ya sunkuya ya yi musu magana ƙasa-ƙasa, ba mu ji me ya ce ba. Jami'ar ta ce ƙofar gonar a buɗe take gare shi kullum. Ya gyaɗa kai kawai. Motar ta tashi, ya bi ta da ido har ta sha kwana.

Mun taru a bakin shagona, kowa ya tanadi tsokanarsa tun daga zaure, amma ba wanda ya iya fara fitar da tasa. Ni kam tausayi ne ya kama ni. Saje ne ya gyara murya, ya taɓa hancinsa, ya ce a hankali, "Lauya, yau kam an kayar da kai."

Lauya ya juyo. Ido ɗaya a kumbure, ɗayan ya yi ja, amma yatsan nan ya tashi sama.

"Ni? Na shiga da jama'ata gaban majalisar tarayya, aka yanke musu hukuncin kisa, na tsaya na kare su, na fito da su da rai. Ko ɗaya ba ta mutu ba. Wane lauya ne a ƙasar nan ya taɓa yin haka?"

"Biyun da suka harbi shugaba fa?" in ji mai kemis. "Ai in sun yi harbi mutuwa suke."

Lauya ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Waɗannan," ya ce, "a bakin aiki suka rasu."